Kafin a Sayar da Motata a Matsayin Gawa

Daga: Baba Gagarau, direban a-kori-kura,
Layin Masu Katako, daura da injin niƙa.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Motocin da Aka Kama,
Hukumar Kula da Zirga-zirga.

20 ga Yuni, 2025

Game da: Hana ni ganin motata, da rubuta ta cikin matattun motocin da za a yi gwanjonsu ranar 3 ga Yuli

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ni ne mai shuɗiyar a-kori-kurar da janwenku ya ɗauke ranar Talata, 3 ga Yuni, a gangaren bakin asibiti. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Surukata ce take rubutawa, ni nake faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana. Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da sitiyari. Gada ta karye da ni na fito, tirela ta bi ta kan ƙafata na tashi, likita ya taɓa cewa a kira dangina, yau ni nake gaida 'ya'yansa da maraici. Duk wannan bai sa na kai ƙarar kowa ba, sai da na haɗu da tagar ofishinku.

Ga ƙorafina:

1. Ban musa ajiye mota inda aka hana ba. Na ajiye, tarar ma na biya. Amma don a sani, ba rashin tarbiyya ba ne. Motata ba ta da sitata tun kafin a yaye yaranku. A gangare take kwana, a gangare take tashi.

2. Ranar 4 ga Yuni na je filin da kuke tara motoci. Akawun da ke taga, Allah ya ƙara masa ilimi, ya ce ba mai shiga sai da takardun mota. Na shaida masa takardun suna cikin motar, a leda, ƙarƙashin kujerar direba. Ya ce to in kawo su. Na ce a bar ni in ɗauko. Ya ce sai na nuna su. Haka muka yi ta zagaye har ya tafi cin abinci. Na ga wayo iri-iri a hanya, amma irin wannan sai wanda ya yi makaranta.

3. Ranar 9 ga Yuni na koma tare da surukata. Ta karanta mini allon da ke rataye a bangon ofishin, daidai saman kan akawun. Allon ya ce mai mota yana da haƙƙin ganin motarsa, da kwashe kayansa daga ciki ba tare da an hana shi ba, da karɓar takardar da ta bayyana halin da aka kawo ta. Hatimin hukumarku na jiki. Ni dai ina da uzuri, ban iya karatu ba. Uzurin wanda ya shekara zaune a ƙarƙashinsa ne ban sani ba. Da muka nuna masa, sai da ya waiwaya ya dube shi kamar yau aka kafa. Duk da haka bai buɗe mini ƙofa ba.

4. Wannan ne ya hana ni barci. Ranar 16 ga Yuni aka miƙo mini takardar halin motar ta taga, aka ce bakanikenku ya gwada motar, ya murɗa makulli sau uku, ba ta yi ko tari ba, saboda haka ya rubuta ta matacciya. A ƙa'idarku, matacciyar motar da ta cika kwana talatin ba a nuna takardunta ba, ta masu sayen tsofaffin ƙarafa ce. Yallaɓai, wannan makullin da ya gani a jiki na ado ne. Akwai famfon mai da na ɗaura da hannuna a inda ni kaɗai na sani. Sai an buɗe shi, a sa giya ta biyu, a taka totur sau biyu da rabi, a sake ta ta gangara, sannan a ɗaga kuloci a hankali kamar mai tashin jariri. Ɓarayi uku sun gwada ta a rayuwarta, duk sun bar ta inda suka same ta, ɗaya har ya bar mini takalminsa. Ina taya bakanikenku murna, ya shiga sahu, sai dai su ba su rubuta mata takardar mutuwa ba.

5. Filinku shimfiɗe yake kamar faranti. Ko sabuwa ce mai irin halinta, a nan za ta kwanta.

Ban zo roƙon a tausaya mini ba, ban saba ba. Amma wannan motar ita ke kai katako ga kafintoci shida, ita ke ciyar da mutum goma sha ɗaya. A bayanta na kai uwar 'ya'yana haihuwa sau bakwai, a bayanta kuma na dawo da ita gida a tafiyarta ta ƙarshe. Ranar ma motar ba ta mutu a hanya ba. Ba zan zauna ina ji ana auna ta a sikeli ba.

Don haka ina roƙon mai girma Shugaba, cikin ladabi, ya ba da umarni kafin 3 ga Yuli a yi abin da allonku ya faɗa: a buɗe mini ƙofa minti goma in ɗauko takarduna. Sannan a ara mini majiya ƙarfi huɗu su tura, tunda ba ku da gangare, bakaniken kuma ya tsaya kusa da biro a hannu. Idan ta tashi, ya soke kalmar nan da hannunsa a gabana, in ja abata in tafi. Idan kuwa ta ƙi, kada a wahalar da janwe. Ni zan riƙe sitiyari a tura mu har wurin masu yankan ƙarfe, don ba wanda zai kai ta can sai ni.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka karanta wannan da kanka.

Naka mai biyayya,
Baba Gagarau
(dangwalen yatsa)