Zanin da Aka Yanke a Mararraba

Gwarzo, ranar Alhamis.

Zuwa ga yayata Marka, a Gammo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Malam Mijinyawa da yara. Ya fama da tsadar nan? Mu nan fetur ya yi ɓatan dabo, sai mutum ya yini a tasha bai ga motar haya ba.

Kin tambayi jikin matata Rukayya. Cikin ya shiga wata takwas. Ƙafafunta sun kumbura, tana kukan ciwon kai, amma na karɓo mata rubutu. Zancen awo da kika dame ni da shi, a bar shi tukuna.

Ki taya ni murna, aikin Allah yana tafiya. Tun da aka kawo Shari'a, ni da samarin unguwarmu muka ce ba za mu zuba ido 'yan acaɓa suna goya matan mutane ba. Yau da hantsi a mararrabar hanyar Kutama muka tare wani marar kunya. Mace ce a bayansa, ta kwanta a jikinsa ta ɗora kai a kafaɗarsa, har da ɗaure kansu da zani, a gaban jama'a! Yana ta ihun asibiti, asibiti, abin da dukkansu suke faɗa ke nan. Yara suka rufe shi da gora har ya daina magana. Ni da hannuna na sa wuƙa na yanke zanin, ita kuma ta sulale ƙasa don iya shege. Ban dubi fuskarta ba, kin san ni da kame ido. Muka tura babur ɗin muka tafi.

Idan kin samu mai zuwa Kutama, a gaishe mini da autarmu Kamila. Na ji watan haihuwarta ya kama, ga mijinta Nata'ala yana ci-rani a Ikko.

Zan ba direba Sajo wannan takarda. Ki huta lafiya.

Ƙanenki, Hambali.

Gammo, ranar Asabar.

Hambali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, irin lafiyar wanda ya binne ƙanwarsa. Ya ƙarin haƙuri? Na tambaye ka ne don haka aka saba.

Jiya na dawo daga addu'ar bakwai ɗin Kamila, na tarar da takardarka tana jirana tun ranar da ta rasu. Na karanta ta a tsaye, na ƙarasa ta a ƙasa.

A wurin makoki an ce mana an kai ta asibiti a makare. Ga abin da ba a faɗa ba. Ranar Alhamis da safe ta haifi ɗanta a gida, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Surukarta Hajjo ta aika neman mota ko'ina, babu. Sai ta roƙi maƙwabcinsu Dabo ya ɗauke ta a babur. Kamila ba ta iya zama, tana ta sulalewa, shi ne Hajjo ta ɗaure ta a bayan Dabo kamar goyo don kada ta faɗo. Wannan shi ne rashin kunyar da ka gani.

Ungozomar asibiti, Anastasiya, wata 'yar Filato, ita ta miƙo mini kayanta a leda. Hijabin ya bushe ƙamas da jini. Zanin kuwa atamfa ce mai zanen fitila, ni na saya mata ita lokacin bikinta. An yanke shi rabi biyu, yankan wuƙa. Kwana bakwai ina tambayar kaina wane marar imani ne ya yi wannan, ashe nono ɗaya muka sha da shi.

Kamila ta kwanta a bakin titi har azahar, mutane suna wucewa don tsoron gorarku, sai wani mai akori-kurar albasa ya kwashe su. Anastasiya ta ce mai jego idan jini ya ɓalle mata, awa biyu ma ba ta da tabbas. Kamila ta yi uku a ƙasa. Dabo yana kwance, haƙarƙari biyu da muƙamuƙi a karye, an ɗaure masa baki da waya. Shi ya sa har yau sunanka bai fito ba. Nata'ala ya dawo, yana yawo da adda a cikin riga yana tambayar kowa.

Wa ya ɗora ku a titin nan? Wane alƙali, wane malami? Ka iya kame ido daga fuskar mace, amma jinin da yake bin ƙafarta har ƙasa, shi ma haramun ne a gani? Wallahi na tsane ka a wannan makon, kuma ba na jin kunyar rubuta shi.

Ban gaya wa kowa ba. Abu biyu nake nema. Ka je ka tsaya gaban Dabo da Nata'ala ka faɗa da bakinka. Sannan ka je tashar 'yan acaɓa ka janye maganarka ta hana ɗaukar mata, ka kori yaran nan daga mararraba. Yau na koma asibiti na ba Anastasiya labarin kumburin Rukayya da ciwon kanta, ta ce a kawo ta gobe-gobe a auna jininta, alamar jijjiga ce, tana kashe uwa da ɗa. Shingen da ka kafa, ta nan Rukayya za ta bi.

Ka gaishe ta. Ita kaɗai.

Marka.

Gwarzo, ranar Laraba.

Zuwa ga yaya Marka.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi mana ta'aziyya. Allah ya ji ƙanta, ya raya abin da ta bari.

Tun a wurin jana'iza da na ji an ce a mararraba aka tsince ta, jikina ya ba ni. Kin gan ni ban iya cin abinci ba, kika ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Amma ki yi mini adalci. Kwananta ne ya ƙare, kuma niyyata gyara ce. Ta ina zan san ita ce a cikin hijabi? Gaskiya ne, da na kama zanin ta yi magana. Ta ce, "Yaya." Sau biyu ta faɗa. To duk macen da muka sauke yaya take ce mana. Ga shi yanzu ko sallah na tayar, muryar nake ji.

Zuwa wurin Nata'ala ba zai yiwu ba, sara na zai yi, sai a yi gawa biyu. Tashar acaɓa kuwa, idan na janye yau, yaran nan za su ce Malam ya karaya, su daina jin maganar kowa. Ki ba ni lokaci. Na dai daina fita mararraba, na ce musu ba ni da lafiya.

Rukayya da sauƙi, sai dai ta ce idonta yana ganin hazo-hazo. Bayan kasuwar Juma'a zan duba zancen awon.

Don girman iyayenmu da suke kabari, ki rufa mini asiri. Wassalam.

Ƙanenki, Hambali.

Barandar asibiti, Juma'a.

Yaya, salamu alaikum.

Rukayya ta faɗi da safe tana jijjiga, ta tauna harshenta, jini har wuya. Na fita a guje zuwa tashar acaɓa, su goma sha ɗaya a zaune. Na durƙusa musu. Babbansu ya dube ni ya ce, "Malam, ai haramun ne." Ba wanda ya tashi.

A baro na turo ta. Sau biyu ta sake jijjiga a hanya. Anastasiya ta karɓe ta, ta tambayi sunana, na faɗa. Sun shiga da ita tiyata. Ana neman jini leda biyu, sun ɗibi nawa ɗaya, babu mai ba da na biyun.

Ki zo, don Allah. Mota babu, ki hau acaɓa tun daga Gammo. Yaranmu suna nan a mararraba. Idan sun tare ki, ki yaye hijabinki su ga fuskarki, ki ce ke yayar Hambali ce. Ki ɗaga murya sosai.

Hambali.