An ce bakina ne ya karya injin Baba

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Binta da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan Yakasai alhamdu lillahi, sai dai raina a ɓace yake.

Injin matsar gyaɗar da Baba ya bari ya tsaya. Tun da farar hula suka karɓi mulki Baffa Sule yake sa ran kasuwa za ta buɗe, shi ne ya ƙara wa injin gudu. Na auna giyoyin injin da boris ɗinsa, wato ƙwallayen ƙarfen da ke sauƙaƙa juyi, da sandar ƙarfen da ke juya su, na zuba a kwamfutar ofishinmu da muke lissafin injuna da ita. Ta nuna sandar ta yi siriri, ba za ta ɗauki wannan gudun ba. Na sami Baffa a soro na faɗa masa. Ya ce, "Akwatin Bature ne zai koya mini injin ɗan'uwana? Kada ka yi mana mugun fata!"

Makon jiya sandar ta karye, ta datse wa Malam Audu mai kula da injin yatsu biyu. Yanzu Baffa yana bin dangi yana cewa bakina ne ya kama injin. Har Inna ta kira ni ɗaki ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je, Yaya. Na durƙusa.

Inna tana gaishe ku. Ka gaida mutanen gida, ka sa Malam Audu a addu'a. Ni kuma ka roƙa mini Allah ya koya mini yin shiru, tunda a gidan nan gara mutum ya rasa yatsu da a gaya wa babba gaskiya.

Ƙaninka,
Nasiru