Farantan da Suka Yi Fari

Tsibirin Bhola, farkon damina.

Baban Tumpa,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, da Mama da ciwon ƙafarta. Mun iso gidan Babana lami lafiya, sai dai Tumpa ta yi ta amai a jirgin ruwa. Ciwon cikin bai sake ta ba. Gobe Yaya Shefali za ta raka mu asibiti.

Tunda ka ce za ka iya kula da tankunan haɗa batir ba tare da ni ba, to ga abin da ka saba mantawa. Idan ka jera farantan dalma a cikin ruwan batir, ka saki wuta a hankali. Na gefen jar waya su ne za su rine su koma ruwan ƙasa mai duhu, sannan sun nuna. In ka ga ruwan yana tafasa, wuta ta yi yawa, za su gigguntule. Na san gaggawarka, shinkafa ma ba ka jira ta dahu.

Tumpa tana tambayar mazarƙwailarta.

Matarka,
Rokeya.

Bhola, bayan mako biyu.

Baban Tumpa,

Sallama. Ina fatan kana lafiya. Takardarka ta iso, na karanta: layi ɗaya na 'yarka, sauran duk na faranti.

Ga amsarka. Farantan sun yi fari ne saboda an ɗauke wuta ka bar su jiƙe, ruwan batir ya ci dalmar ya yi mata ɓawo. Ka mayar musu da wuta 'yar kaɗan, ka yi haƙuri, yawancinsu za su dawo.

Yanzu ka ji tawa. An auna jinin Tumpa, dalma ce a ciki fal. Likita ta tambayi me take ci. Na ce duk yamma babanta yana cin mazarƙwaila kamar sauran masu batir, don ta wanke ƙurar dalma daga ciki, yana gutsira mata. Ta ce, “Wa ya ce tana wankewa? A ina yake ajiye ta?” Na ce a kan kanta, gefen inda ake goge faranti. Ta ce, “Da wane hannu yake ba ta?” Ka san launin yatsunka.

Sau nawa na ce ka wanke hannu, ka ce, “Haba Rokeya, maganin ne ai a hannun!” Mama ta taya ka dariya, wai na cika iyayi. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Rokeya.

Bhola, tsakiyar damina.

Baban Tumpa,

Sallama. Na ji farantanka sun farfaɗo, kekunan haya masu lantarki sun samu batir. Madalla.

Ciwon cikin ya lafa da magani. Amma yarinyar da take karanta mana allon kantuna a hanya, yanzu sai ta tsura wa harafi ido ta ce, “Umma, wannan mene ne?” Likita ta ce abin da ya taɓu a kai ba lallai ya dawo ba, kuma kada ta sake kwana kusa da tanki.

Ka ce ba za ka iya fitar da tankunan daga gida ba, nan mahaifinka ya kafa su. Na ji. Kada ka turo ƙaninka ɗaukar mu ranar Juma'a. Na sa Tumpa a makarantar nan, an mayar da ita aji ɗaya.

Ka gaida Mama.

Maman Tumpa.