Kaskar Duna da Rigar Aikin Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da Duna, karen Baba.

Tun da Baba ya rasu ya tare a shagon kafintarsa, kullum yana kwance kan tsohuwar rigar aikin nan mai aljihu a ƙirji. Shekaranjiya na shafa kansa na ji ƙulle-ƙulle. Ashe kaska ce, ta cika kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, wasu sun sha jini sun kumbura kamar jiƙaƙƙen wake. Ni da kyankyaso ke sa in haye kujera, sai ga ni durƙushe da hantsakin Baba ina cire su ɗaya-ɗaya. Yanzu ko zama na yi, ji nake wani abu na yawo a wuyana.

Mama ta ce da ma ta faɗa. Ka san ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai "abin nan".

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jikin ƙaramar taka? Ka gafarce ni, hankalina ba a kwance yake ba.

Sau uku ina yi wa Duna wanka da magani, kaskar tana dawowa kamar ina gayyatarta. Jiya na kira likitan dabbobi. Ya ɗaga leɓen Duna, dasashin ya yi fari fat, ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai. Sannan ya ɗaga rigar Baba ya buɗe ɗinkin wuyanta. Yaya, ƙwai ne da 'ya'yan kaska jingim. Ashe aikin baban giwa nake yi: in wanke shi, ya koma ya kwanta a kansu. Ya ce a yi wa shagon feshi, rigar kuwa ta riga ta ruɓe, ko tafasa ba za ta jure ba, sai ƙonawa. In ba haka ba, mu haƙura da karen.

Mama ta ce sai dai bayan ranta. Ni ma ba na so, fensirin Baba har yanzu yana cikin aljihun. Amma Duna ya daina cin abinci, kuma tsoro nake ji. Me zan yi?

Taka,
Auta

Yayana,

Da fatan kun tashi lafiya. Ba mu jira amsarka ba.

Jiya da safe Duna ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Mama ta daɗe tsaye a ƙofar shagon tana kallonsa. Ta zare fensirin, ta ɗauki rigar da sanda ta kai bayan gida, ta ƙyasta ashana da hannunta. Na yi kuka, ita ba ta yi ba.

Bayan allurar likita da feshi, Duna ya ƙi kwanciya ko'ina, sai jan jiki yake yana shinshina ƙasa yana kuka. Can sai Mama ta fito da shuɗin zanenta, wanda Baba ya fi so, ta shimfiɗa a baranda. Har ta kira Duna da sunansa. Ya shinshina, ya juya sau biyu, ya kwanta. Yau ya ci abinci.

Ta ce kada in kuskura in gaya wa kowa, don haka ban gaya maka ba.

A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta