Irin Dawar da Inno Ta Sauke

Runka, 3 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Ikrima,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rahma da yara. Yaya aiki? Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi, sai kuma halin da ka sani.

Takardarka ta iso ta hannun Kamalu direba, tunda waya a nan sai ta ga dama. Ka ce ka sami hutu, za ka kai ni da mahaifiyarka Inno yawon buɗe ido na sati guda, in zaɓa: ko Yankari, mu ga giwaye da ɓauna mu shiga ruwan ɗumi, ko tsaunukan Mambila, inda ka ce sanyi ne da ciyawa shar, gajimare yana saukowa har kan shanu. Allah ya yi maka albarka. Shekara talatin na yi ina gadin dajin Rugu, na ga barewa da gada da kura, amma ban taɓa sa giwa a idona ba. Ka san ta inda za ka kama ni.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Shekararka tara a Bauci, ba ka tuna da giwa ba sai bana, ana shirin saukar damina. Wane manomi ne yake yawon kallo lokacin sharar gona? Kuma me ya kawo maganar in taho da takardun fanshona da katin asibiti? Giwayen ne za su duba su?

Ban zaɓa ba tukuna. Ka gaida kowa.

Mahaifinka,
Yusha'u

Runka, 11 ga Afrilu

Ɗana Ikrima,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramar yarinyar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ɗauko tsohuwar taswirata ta wurin aiki na shimfiɗa a tabarma. Yankari gandun daji ne mai zafi, Mambila tudu ne mai sanyi, ba abin da ya haɗa su. Abu ɗaya na gani: duk wanda na zaɓa, hanyar ta ƙofar gidanka za ta bi. Ban ga laifinka ba, wayo ka gada, amma ka tuna wajen wa ka gaje shi.

Inno ma ban gane mata ba. Matar da ko Safana sai an yi da gaske take zuwa, ita ce yanzu take yaba mini ruwan ɗumi. Ta kai awakinta gidan ƙanwarta a Batsari, wai su sha iska. Duk wannan na yi shiru. Amma jiya na shiga madafa neman wuta, na ɗaga kai, babu zangarniyar dawar iri da muke ratayewa a hayaƙi don kada ƙwari su ci. Na same ta a ƙasan akwatinta, an sussuke, an ƙulle a tsumma. Ikrima, ba a tafiya kallon namun daji da irin shuka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kun haɗa baki za ku fitar da ni daga garin da na binne ubana, kamar akuyar da ake jan ta da dusa. Ban yi mata magana ba. Kai ma ba na neman ka amsa, don na san abin da za ka rubuto.

Mahaifinka,
Yusha'u

Runka, 20 ga Afrilu

Ɗana Ikrima,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Mu dai da sauƙi.

Ranar Talata da hantsi mutanen daji suka ɗauke Hamma, maƙwabcin gonata, yana tsakiyar shara. Har yau ba labarinsa. Ni abin da ya hana ni isa gonar, ƙotar gatarina ce ta tsage, na tsaya wajen maƙeri. Inno ba ta san haka ba. Da na dawo na tarar da ita a ƙofar gida babu mayafi, babu takalmi. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin ta haka ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Na zaɓi Yankari. Sanyin Mambila ba zai yi wa gwiwar mahaifiyarka daɗi ba, ni kuma ina so kafin in mutu in sake shiga daji ba ina waiwaye ba.

Irin da ta ƙulle farfara ce kawai. Na ƙara da dawa kaura, wadda na gada wajen kakanka, na tura ta can ƙasan kayana. Ka duba mini ɗan fili a bayan gidanka, ko na shimfiɗa tabarma goma ne.

Kada ka gaya mata na gane. Ku ci gaba da cewa sati guda ne. Ni ma abin da nake faɗa wa mutane ke nan a masallaci.

Sai Kamalu ya kawo mu.

Mahaifinka,
Yusha'u