Gaisuwar Mutuwar da Ba a Yi Mini Ba

Zuwa ga ɗana Bashir,

Assalamu alaika. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma, da wace Hausar? Kana tatata aka kore ni daga Amurka, takarduna sun ƙare, digirin bai cece ni ba.

Ina nan Dubai, a kasuwar Murshid Bazaar, ina ɗaure wa 'yan Kano kaya, ni da na karanta tattalin arziki. Kullum wayata na jingine a kan kwali, ina kallon zaman majalisar dattawan jiharku ta can Amurka. A nan na ga ka shiga da sunan mijin uwarka, a nan na ga ka zama shugabansu, guduma a hannunka. Kafin ka buga ta sai ka yi gyaran murya, sak kakanka na Fagge in zai yi faɗa. Wa ya koya maka?

Duk zaɓe sai ka tsaya gaban jama'a ka ce ubanka ya gudu ya bar ku. Su tafa, su zaɓe ka. Ban gudu ba, Bashir, da ankwa aka kai ni jirgi. Amma na ga maganar tana yi maka amfani, sai na bar maka ita. Iyakar abin da na iya ba ka ke nan.

Makon jiya suka lulluɓe teburinka da baƙin ƙyalle. Magatakarda ya kira sunanka, zauren ya yi tsit. Ni na amsa, a tsakiyar kasuwa. Tun ranar, in aka buga ƙusa a akwatin kaya sai in ɗaga kai, ina jiran muryarka.

Wa ya wanke ka? Ina suka fuskantar da kai? Ban sani ba. A nan kuma ba wanda ya san na haife ka, don haka ba wanda ya ce mini Allah ya ba da haƙuri.

Gobe zan shimfiɗa tabarma a ɗakina in karɓi gaisuwa. Wasu za su ce tsufa ya taɓa ni. Su ce. Zan faɗi wane ne kai, da yadda aka raba mu. Ka yafe mini, ba sauran zaɓen da zan ɓata maka.

Allah ya jiƙan ka.

Ni ne mahaifinka,
daga unguwar Deira, Dubai.