Lamba Mai Shida

Filinge, ran Lahadi bayan tashin kasuwa

Zuwa ga matata Tambara, uwar Mairo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zafin Yamai? Ƙafar Mairo ta daina ciwo? Ni lafiya lau nake, sai kewar tuwonki, don na masaukin nan ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci.

Bayan haka, albishirinki: mota ta samu lamba. Kuma ba takwas ta Yamai ba, shida ta Tilaberi, lambar gida. Na san za ki ce mi ya raba shida da takwas. To saurara, ɗiyar malam. Ranar da na shiga kasuwar Sanam da motar haya mai takwas, kafin in kashe inji hatsi ya yi tsada, ragon da ke tari ya zama na layya. Mai takwas baƙo ne ko da a bayan garin aka binne cibiyarsa. Ga shingayen hanya tun da soja suka karɓi mulki. Mai takwas a sauke shi a zazzage kayansa har tukunya, mai shida kuwa a ɗaga mishi hannu a tambaye shi labarin ruwan bana.

Cikas guda, takarduna duka sun ce Yamai nake zamne, kuma ba a ba mutumin Yamai shida. Sai na tuna Allah ya ba ni wa. Na tafi ƙauye na ɗauko Yaya Maidawa daga gona, na sa mishi babbar rigata, aka ɗauke shi hoto yana zare ido kamar an kama shi cikin rumbun wani. Ya dangwala yatsa, kartigiris, wato takardar mallakar mota, ta fito da sunansa. Mutumin da bai taɓa mallakar keke ba, yau shi ke da farar bashe, wato a-kori-kura, sabuwa dal daga Kwatano.

Sai dai ya kafa sharaɗi, kin san shi da al'adar gida. Ya ce abin da ya ɗauki sunansa ya shigo gida ke nan, kuma ba a shigo da baƙo gidanmu ba a gaya wa Doguwa, iskar da ke tsaron gidan, ba. Wai in kai motar gindin tsamiyar kakanmu a yanka baƙar akuya kafin ta taka hanya. Na ce to. Akuyar ma na saya, tana can ɗaure. In na samu sarari sai a yi.

Ki gaishe da Mairo, ki ce mata babanta ya zama ɗan Kurfai, ƙasar kakanninmu, da takarda.

Mijinki,
Ɗanjuma


Filinge, ran Alhamis

Tambara, uwar Mairo,

Ina gaishe ki, ina fatan ke da yarinya kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙon yajin ya iso, Allah ya yi miki albarka. Wagga takarda ki karanta ta ke kaɗai.

Motar ba ta hannuna. Wani mutum ya ishe ni a tasha ina shan shayi, ya ce sunansa Alhassan, dillalin shanu ne, yana biɗar mota ta kwana biyar ya kai wa makiyayansa gishiri da dusa arewa da Sanam. Dogo ne, mai tsabta, Hausarsa tas amma ba ta nan ba ce. Na kai shi gaban motar ina shirin yabon inji. Tambara, bai buɗe inji ba. Bai daki taya da ƙafa ba, abin da ko makaho ke yi. Gaba ya zagaya, ya tsuguna, ya share lambar da bakin rawaninsa. Ya tambaye ni ko masu shinge sun san ta. Ni kuma baki ya ɗebe ni, na ce daga Baleyara har Sanam babu wanda ke ɗaga mata tamfol.

Na faɗa mishi farashin da na san za a raba biyu. Bai taya ba. Shekara talatin ina kasuwa, na san mai sayen da bai taya ba, ba abin da kake sayarwa yake saye ba. Na sani, hannuna kuma ya miƙa makulli. Ya ce yana da direbansa. Kartigiris na cikin akwatin motar, da sunan Yaya da sunan ƙauyenmu.

Yau kwana takwas.

Jiya Tanne, matar Yaya, ta zo gari ta ce akuyar ta ƙi cin abinci, ta juya arewa tana kuka. Na ce mata akuyar da aka ɗaure sati uku ko ni ne na yi kuka. Ta yi mini wani kallo ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Kada ki tada hankalinki, hanyar can rairayi ce, mota na iya kafewa. Ki dai sa mu cikin addu'a.

Naki,
Ɗanjuma


Filinge, ran Juma'a

Matata Tambara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Ki gafarce ni da shirun kwanakin nan, na ɗauki alƙalami sau uku ina ajewa.

Wataƙila labari ya riga takardata. An tare babbar motar 'yan kasuwa da rana tsaka tana komowa daga Sanam. Mutane huɗu da bindigogi cikin farar bashe. Direba ya rasu, da wani tsoho mai sayar da igiya. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya kwanta tsakanin buhuna ya karanta lambar, ya yi ta maimaita ta a ransa har Filinge. An ce bashen ta wuce shinge uku da buhunan gishiri a sama, babu wanda ya duba abin da ke ƙasa. Motar gida ce.

Jandarmomi sun biɗi mai mota cikin littafi, suka tafi ƙauye suka ɗauko Yaya Maidawa daga gona, da ƙasar noma a ƙafarsa. Ni ma sun kira ni, tunda an saba ganina a sitiyari. Ga abin da ban iya faɗa wa kowa sai ke. Na ce ni tuƙi kawai nake yi mishi, mai mota shi ke ba da haya, ranar ma ina Damana. Maganar ta fito sumul, kamar ina sayar da tsohon sa.

Aka shigo da shi aka maimaita abin da na ce. Ya dube ni, sannan ya dubi bango. Ya ce haka ne, motar tasa ce, yatsan da ke takarda nasa ne. Aka tambaye shi wa ya ba, ya ce bai san sunansa ba. Nan kam gaskiya ya faɗa.

Babu takarda ko guda mai sunana, Tambara. Aikin na yi shi da tsabta. Amma kasuwa ta sani. Mai shayi ya zuba mini, kuma ya wanke kofin sau biyu bayan na tashi.

Ran Litinin za a wuce da Yaya Tilaberi.

Mijinki,
Ɗanjuma


Filinge, ran Lahadi da hantsi

Tambara, uwar ɗiyata, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ta kullum. Allah ya sa wagga ta ishe ku lafiya.

Jiya da safe Tanne ta fita ba akuya ruwa, ta ishe lambar gaban motar jingine da tsamiya. Babu wanda ya ji mota, babu wanda ya ga mutum. Mutanen Alhassan sun karanta kartigiris, sun san gidan, sun zo sun nuna mana sun sani. Ba sai an fassara wa ɗan kasuwa ba: in na yi shiru Yaya ya tafi, in na yi magana su komo.

Tanne ta kai wa Yaya fura wurin jandarmomi ta gaya mishi. Ya aiko ta da saƙo biyu. Na fari, a yanka akuyar, don an bar Doguwa tana jira da yawa. Na biyu, in koma Yamai wurin ɗiyata, wai gida guda ba ya ba da maza biyu, kuma shi ya riga ya ga jikoki. Ko zagi guda bai haɗo da shi ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Na yi na farin da hannuna, ni da na yi shekara ashirin ban tsaya gindin itacen nan ba. Na biyun ba ni yi. Na sa Tanne da iyalin a amalanke zuwa Damana wurin danginta, gidan yanzu babu kowa sai kaji. Yaya bai san fuskar Alhassan ba, ni na san ta, har tabon da ke bayan hannunsa na hagu. In na rufe takardar nan zan ba direban Yamai, in naɗe lambar cikin babbar rigar da na ara wa Yaya ranar hoto, in tafi wurin jandarmomi. Ko za su sake shi, ko za su haɗa mu biyu, Allah ya sani.

Ke kuma ki ji da kyau. Ranar shayin nan na yi surutu, na gaya wa mutumin unguwarmu da inda rumfata take. Ki ɗauki Mairo yau, ba gobe ba, ku koma gidan kawunki Mamman. Kada ki yi sallama da maƙwabta. In wani dogo mai tsabta ya zo tambayata, ba ki san ni ba. Kin ga ni ma na iya faɗin haka a kan ɗan'uwana, ba wuya gare shi.

Lambar na nan gabana bisa tabarma. An wanke ta tas, Tambara, har cikin ramin ƙusa. Wanda ya zamna ya wanke lamba kafin ya maido ta, ba sauri yake yi ba.

Ki yafe mini abin da kika sani da wanda kika karanta. Ki shafa mini kan Mairo.

Mijinki har kullum,
Ɗanjuma ƙanen Maidawa